Kanwar Tukunya da Gishirin Albarushi: Suna Ɗaya, Abu Biyu

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da abinci ce a Zangon Kumasi, na fi shekara goma ina dafa shinkafa da wake da miyar kuɓewa, kuma ba na rabuwa da kanwa. A kasuwarmu, waɗanda ba Hausawa ba da Turanci suke kiranta, suna cewa saltpetre. To ɗana da ke sakandare ya dawo gida ya ce an koya musu da saltpetre ake haɗa albarushi, wai in daina zuba wa mutane maganin bindiga a abinci. Hankalina ya tashi. Shin gaskiya ne? Mene ne wannan abu, ina asalinsa, kuma me ake yi da shi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya yaron. Ki kwantar da hankalinki, ba ki taɓa zuba wa kowa maganin bindiga a abinci ba. Amma kada ki ce yaron ya yi ƙarya, domin abin da malaminsa ya koya masa daidai ne. Daga sunan matsalar take. Abu biyu ne mabambanta aka laƙaba wa suna ɗaya, kuma ba a kasuwar Kumasi wannan ruɗani ya faro ba, ya girmi kakannin kakanninmu.

Bari in fara da wadda ke hannunki. Kanwa, fara ce ko ja ko ungurnu, tana taruwa ne inda ruwa ya kwanta a kwari rana ta ƙafar da shi, kamar gefen Tafkin Chadi, da ƙasar Manga da Muniyo, da Dallol Boso a Nijar. Mafi yawan jikinta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, dangin sodar nan da masu yin kek ke sa wa kwaɓi, gauraye da gishirin miya da yashi da wasu ma'adinai. Aikinta kashe tsami. Tun kafin a buɗe ajin kimiyya Bahaushe ya ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Wannan hali nata ne ke sa wake ya nuna da wuri, kuɓewa ta yi yauƙi ba ta dafe ba, karan dafi ya saki jansa cikin shinkafa. Idan kina son ki gani da idonki, ki daka 'yar kaɗan ki matsa mata lemun tsami. Za ta yi kumfa tana tsuwa. Wancan gishirin da yaronki ke magana a kai ko kin juye masa kwalbar ruwan lemo ba zai motsa ba, don shi ba ya kashe tsami, ba ya kuma ƙara shi. Wake ma ba zai nunar miki ba.

A Najeriya kuma wani sunan aro aka ba kanwa, ana ce mata fotash, shi ma kuskure ne, don sinadarin fotashiyam da ke cikinta kaɗan ne. Fotash na gaskiya shi ne ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa daga tokar kara su sa a miya. Ki riƙe zancen tokar nan, za mu dawo kanta.

Shi kuwa na albarushin, masana suna kiransa fotashiyam naitiret, suna rubuta shi KNO3. Ni a nan zan riƙa ce masa gishirin albarushi. Sunan Turancin daga Latin ya fito, ma'anarsa gishirin dutse, saboda a jikin duwatsu da bangaye ake ganinsa ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Yadda sunansa ya cakuɗe da na kanwa kuwa labari ne mai daɗi. A Masar akwai wani kwari da ake kira Wadin Natrun, inda tun zamanin Fir'aunoni ake haƙar kanwa ana wanki da ita, ana busar da gawarwakin sarakuna. Girkawa suka ari sunan suka ce nitron, Rumawa suka ce nitrum, duk kanwa suke nufi. Da gishirin albarushi ya shigo Turai daga baya, ga shi fari, ga shi yana tsirowa a ƙasa kamar kanwa, sai aka ɗora masa tsohon sunan. Har yau alamar tana nan: harafin Na da ake rubuta sodiyam da shi daga natrun ne, kalmar naitirojin da wani Bafaranshe mai suna Chaptal ya ƙirƙira a 1790 ita ma daga wannan tushe take. Saboda haka 'yan kasuwarku ba su ne farau ba. Kama da wane ce, ba wane ba.

Kalmarmu ta albarushi ma tana ɗauke da nata tarihin. Daga Larabci muka same ta, al-barud, kuma da fari ba hodar bindiga Larabawa ke kira barud ba, shi wannan gishirin ne. Sai daga baya sunan ya koma kan hodar gaba ɗaya, don kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta shi ne, sauran gawayi ne da farar wuta.

To me ya sa wannan gishiri ya fita daban? A nan nake son ki ba ni aron hankalinki sosai, don idan kin gane wannan, duk sauran labarin zai zo da sauƙi.

Wuta ba ta ci sai da iska. Kin fi ni sanin wannan: gawayi ya yi sanyi, ki ɗauki maficin ki fifita, ya kama. Abin da wutar ke nema cikin iskar shi ne oksijin, wanda bai wuce kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa ba. Shi ya sa gawayi ke ci a hankali, sai iya abin da iska ta kawo masa. Gishirin albarushi kuwa rumbun oksijin ne a daskare. Kowane ƙwayar zarra ɗaya ta fotashiyam da ɗaya ta naitirojin suna riƙe da uku na oksijin, har kusan rabin nauyin gishirin oksijin ne zalla. Shi kansa ba ya cin wuta. Yana narkewa ne a zafin digiri 334, idan zafin ya haura 400 sai ya fara sakin oksijin ɗin. Idan akwai abin ƙonewa a manne da shi, to wutar ta sami mai yi mata fifita daga ciki, ba ta buƙatar iskar waje. Abin da gawayi zai ɗauki awa guda yana yi a murhu sai ya faru cikin ƙiftawar ido, hodar da ba ta cika cokali ba ta zama iska mai zafi da ta ninka ta girma ɗaruruwa, ta rasa hanyar fita sai bakin bindiga. Fiye da rabin abin da ya ƙone kuma ba ya zama iska, ƙura yake zama, shi ne farin hayaƙin nan da ke turnuƙe fili idan 'yan bindiga suka yi harbi ranar hawan Sallah, shi ne kuma dattin da ke sa maharbi wanke bindigar toka kullum.

Yana da wani hali na biyu wanda shi ya ba mutanen da damar tsarkake shi ba tare da injin komai ba. Gishirin miya ko ruwa ya yi zafi ko ya yi sanyi kusan adadi ɗaya yake narkewa, giram 36 zuwa 39 a cikin giram ɗari na ruwa. Shi kuwa wannan a ruwan ƙanƙara giram 13 kawai ke narkewa, a ruwa mai ɗan sanyi kusan 32, a tafasasshe sama da 240. Don haka ruwan zafi na kwashe shi da yawa, yana hucewa kuma sai ya fito da shi a matsayin dogayen ƙwayoyi kamar allurai, ya bar sauran gishiri a narke. Kuma yayin da yake narkewa zuƙe zafi yake yi, ruwan ya yi sanyi. A fadar Sarki Akbar na Indiya, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, da shi ake sanyaya ruwan sha: a sa ruwan a tulu mai rufi, a riƙa juya tulun cikin ruwan da aka narka gishirin. Firij ɗinsu ke nan.

Daga ina yake fitowa? Amsar ba ta da daɗin ji wajen mai abinci, amma gaskiya ce: daga fitsari da kashin dabbobi da ruɓaɓɓen abu. Iskar duniya kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, amma naitirojin na iska kurma ne, da ƙyar yake haɗuwa da wani abu, shuka ba ta iya cinsa haka. Wanda ke cikin jikin halittu shi ne mai amfani. Idan fitsari ya shiga ƙasa yakan zama amoniya, warin nan mai hawa kai da ake ji a turken awaki. Sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya na ƙasa, su mai da amoniyar naitirait, wasu kuma su karɓa su mai da shi naitiret. Inda ruwan sama ke duka, sai ya wanke shi ya tafi. Inda ke da rufi, ko inda rani ke da tsawo, sai laima ta tsotso shi sama ya bushe a fuskar ƙasa ko gindin bango. Shi ya sa ake samunsa a tsofaffin garkuna, ɗakunan tattabaru, da kogunan jemagu. Ba kowane farin da kika gani a gindin katanga ba ne shi, sau da yawa wasu gishirin ne daban. Mutane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tara shi ba su san masu yi musu aikin ba. Sai a 1877 Schloesing da Müntz a Faransa suka nuna cewa halitta mai rai ce ke yi, sannan wajen 1890 wani ɗan Rasha, Winogradsky, ya ware su ya nazarce su.

Ga inda toka ta shigo. Naitiret ɗin da ke cikin irin wannan ƙasa yawanci a haɗe yake da kalsiyam, kuma wannan nau'in mayen ruwa ne, yana jiƙewa da laimar iska, albarushinsa ba ya tashi. Fotashiyam na tokar itace shi ke ture kalsiyam ya maye gurbinsa, a sami gishiri mai zama a bushe. Harafin K da ake rubuta fotashiyam da shi ma daga kalmar Larabci ta tokar tsirrai ya samo asali, wato alƙali.

Mutanen Sin ne suka fara saninsa, kuma a matsayin magani. Wajen shekara ta 500 wani masaninsu, Tao Hongjing, ya rubuta cewa idan ana son bambance shi da sauran fararen gishiri masu kama da shi, a sa shi a wuta, zai ba da harshe mai launin shunayya. Kin ga tambayarki ce shi ma yake amsawa, shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce. Kanwa, saboda sodiyam, harshen wutarta rawaya ne. A ƙarni na 9 masu neman maganin tsawon rai a can suka gauraya shi da farar wuta da wasu abubuwa, wuta ta tashi ta ƙona musu hannuwa da gidaje. Sunan da suka ba hodar har yau ma'anarsa maganin wuta. Zuwa 1044 an riga an rubuta yadda ake haɗa ta cikin wani kundin yaƙi na daular Song.

Daga nan ilmin ya gangaro ƙasashen Musulmi. Ibn al-Baiɗar, masanin tsirrai da magunguna haifaffen Malaga a Andalus wanda ya rasu a Dimashƙ a 1248, ya ambace shi da sunan ƙanƙarar Sin, ya ce mutanen Magrib barud suke ce masa. Bayansa kaɗan, wajen 1280, Hasan al-Rammah na Sham ya bayyana yadda ake tsarkake shi da tokar itace, kuma bayaninsa na daga cikin mafi daɗewa da suka iso gare mu. Wani masani ɗan Ingila, Roger Bacon, shi ma ya ambaci hodar a 1267.

Da bindiga da igwa suka zama su ne yaƙi, sai kowane sarki a Turai ya wayi gari ƙarfinsa ya rataya ga ƙasar turke. Gawayi ba wuya, farar wuta ana sayowa daga Sisili, amma gishirin nan ƙasarsu mai yawan ruwan sama ba ta tara shi. A Ingila aka naɗa ma'aikata na musamman da takardar sarki, suna da ikon shiga gidan kowa su haƙe daɓen barga da ɗakin tattabaru da ɗakin ajiya, har majami'u ba su bari ba, su kuma tilasta wa mai gida ya ba da amalankensa a kwashe ƙasar. Talakawa sun tsane su matuƙa, kuma ina ganin suna da hujja, don mutum ne za a rushe masa daɓe a tafi a bar shi da rami. Wajen 1626 Sarki Charles na Ɗaya ya kai ga ba da umarnin a riƙa tara fitsarin mutane da na dabbobi ana ajiye wa masu zuwa karɓa. A Suwidin manoma har haraji suka riƙa biya da shi. A Faransa kuma aka ɗora babban masanin kimiyyar nan Lavoisier kan hukumar albarushi a 1775, ya gyara aikin har ƙasar ta wadatu ta taimaka wa Amurkawa da hoda a yaƙinsu na neman 'yanci. Wani matashi da ya koyi sana'ar a wannan hukuma, du Pont, shi ya je Amurka ya kafa masana'antar albarushi a 1802, wadda ta zama kamfanin DuPont na yau.

Amma inda arzikin yake da gaske Indiya ne, musamman Bihar a kwarin kogin Ganga. Can akwai jama'a da dabbobi masu yawa, ga zafi, ga damina mai ƙarfi da rani mai tsawo a bayanta, duk abin da bakteriyan nan ke so. Akwai wasu talakawa da ake kira Nuniya waɗanda gadonsu ke nan, kankare ƙasa da tace ta. Kamfanonin Holan da Ingila suka yi ta rububin saye a Patna, suna shimfiɗa shi a gindin jiragen ruwa. Bayan yaƙin Plassey na 1757, Robert Clive ya karɓar wa kamfanin Ingila ikon sayen na Bihar shi kaɗai a 1758. Daga lokacin, mafi yawan gishirin albarushin da ke yawo a kasuwar duniya ta hannun Ingila yake bi. Idan ana lissafin abin da ya ba Turawan Ingila ƙarfin mallake ƙasashe, ana yawan ambaton jiragen ruwa da masaƙu, a manta da guminsu Nuniya, alhali da abin da suka kankaro ake cika igwa.

Mu ma hayaƙin ya iso mu. A 1591 sojojin Maroko masu bindiga suka karya rundunar Songhai a Tondibi. A wannan ƙarni ne Mai Idris Alooma na Borno ya kawo 'yan bindiga Turkawa suka horar da mutanensa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A Damagaram kuwa, a ƙarni na 19, Sarki Tanimun ya sa ana ƙera igwa ana kuma haɗa albarushi a cikin Zinder, abin da ya sa maƙwabta suka riƙa shakkarsa.

Sai labari ya ƙaura zuwa Kudancin Amurka. A hamadar Atakama, inda ake shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba, akwai shimfiɗar ƙasa mai ɗauke da ɗan'uwan wannan gishiri, sodiyam naitiret. Shi yana jan laima, bai dace da bindiga kai tsaye ba, amma taki ne na gaske, kuma idan aka haɗa shi da fotash da Jamusawa suka fara haƙowa a Stassfurt wajen 1861 sai ya koma gishirin albarushi. Ƙasashe uku suka sa ido. A 1878 Bolibiya ta ɗora harajin santabo goma kan kowane kwintal, wani ma'aunin nauyi, na gishirin da wani kamfanin Chile ke fitarwa daga Antofagasta, a 1879 yaƙi ya ɓarke tsakanin Chile a gefe guda da Bolibiya da Peru a ɗaya gefen. Kafin 1884 Chile ta cinye yankin duka. Peru ta rasa Tarapaka, Bolibiya ta rasa gaɓar tekunta baki ɗaya, har yau ba ta da mashiga. Shekaru da dama kusan rabin kuɗin shigar gwamnatin Chile daga harajin wannan gishiri yake. Leburorin da ke fasa ƙasar kuwa ba kuɗi ake biyansu ba, wasu kwabbai ne na kamfani da ba sa sayen komai sai a kantin kamfanin. Da suka yi yajin aiki suka taru a wata makaranta a garin Iquique, ranar 21 ga Disamba 1907 sojoji suka buɗe musu wuta, da matansu da 'ya'yansu.

A 1898 wani masani Bature, William Crookes, ya yi gargaɗi a Bristol cewa idan na Chile ya ƙare, gonakin alkama ba za su ciyar da jama'a ba, sai dai masana su gano yadda za a kamo naitirojin daga iska. A 1909 Fritz Haber a Jamus ya yi nasarar haɗa naitirojin na iska da haidirojin ya sami amoniya, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mai da abin masana'anta a Oppau a 1913. Da ma wani masanin Jamus, Ostwald, ya riga ya samo hanyar mai da amoniya ruwan naitirik, wato aikin da bakteriya ke yi cikin watanni sai inji ya yi shi nan take. Shekara guda bayan buɗe masana'antar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, Ingila ta tare wa Jamus hanyar Chile, amma Jamus ta ci gaba da yin makamai daga iska. Zuwa shekarun 1930 kasuwar Chile ta durƙushe. Garuruwan ma'aikata irin su Humberstone suka zama kufai, a 2005 UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya.

Buhun yuriya da manomi ke saye a Kura ko Maraɗi jikan wannan bincike ne. Masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 wannan hanyar ta Haber take bi. Kuma idan manomi ya zuba yuriyar, bakteriyan nan dai na turken awaki su ne ke mai da ita naitiret kafin masara ta sha. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da irin wannan taki ake noma abincinsu.

Shi kansa gishirin albarushi tuni ya bar fagen yaƙi, tun da aka ƙirƙiro hoda marar hayaƙi a Faransa a 1884. Ya rage a wasan wuta na bukukuwa da bindigar gargajiya. Mafi yawansa yanzu gona yake tafiya. Taki ne mai tsada da ke narkewa tas a ruwa, kusan kashi 13 naitirojin da 46 fotash, babu kilorin a ciki, don haka masu noman tumatir da dankalin Turawa da 'ya'yan itace ta hanyar ban-ruwan ɗigo suke son sa. A ƙasar Filifin wani masani, Ramon Barba, ya gano a shekarun 1970 cewa idan aka fesa wa mangwaro ruwansa tsarma-tsarma yakan yi fure ba a lokacinsa ba, abin da ya sauya noman mangwaro a ƙasar. Man goge baki na masu jin tsamin haƙori, irin Sensodyne, wasu nau'o'insa na ɗauke da kashi 5 cikin ɗari, fotashiyam ɗin ke kwantar da jijiyar haƙori. Gilashin fuskar wayar da kika turo wannan tambaya da ita ma, mai yiwuwa an tsoma shi cikin narkakken gishirin nan a zafin kusan digiri 400. Ƙwayoyin fotashiyam, da yake sun fi na sodiyam girma, sukan kutsa fatar gilashin su cushe ta, ya yi wuyar fashewa. A Warzazat ta Maroko kuma, tashar lantarki ta Noor tana tara zafin rana cikin tankunan narkakken gishiri, kashi 60 na sodiyam naitiret da 40 na fotashiyam naitiret, ta ci gaba da ba da wuta bayan faɗuwar rana. Wanda ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut ranar 4 ga Agusta 2020 ya kashe sama da mutum 200 ba shi ba ne, amoniyam naitiret ne, tan 2,750, dangi ɗaya amma halinsu ba ɗaya ba.

Zan kuma gaya miki abin da zai ba yaronki mamaki: na gaskiyar ma ana sa shi a abinci. Turawa sun daɗe suna shafa wa naman da za su adana. Bakteriya kan mai da shi naitirait, shi kuma ya riƙe jan launin nama ya hana wata muguwar ƙwayar cuta mai shanye jiki tsirowa. Jan da kike gani a naman gwangwani daga irin wannan ne, kuma idan kin ga E252 a jikin kwali, shi ne. Sai dai awo ake yi na ƙanƙanin abu, doka ta ƙayyade, don idan ya yi yawa yana hana jini ɗaukar oksijin, mutum ya yi shuɗi-shuɗi yana haki, ga fotashiyam da ke da haɗari ga mai ciwon ƙoda. A 2015 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa haka cikin abubuwan da yawan cinsu ke jawo kansar hanji. A nan ne cakuɗar suna ke ba ni tsoro. Mai girki da ta karanta cewa kanwa ita ce saltpetre za ta iya sayen na shagon taki ko na kemis ta zuba da awon kanwa. Kada a yi haka ko kusa.

Inda naitiret ya fi kusa da gidajenmu ma ba a kasuwa ba ne, a rijiya ne. Rijiyar da aka haƙa dab da masai ko turken dabbobi tana iya tara shi, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida su ya fi kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a lita ɗaya. Tafasa ruwan ba ya cire shi, ƙara tattara shi yake yi. A zango mai cunkoso irin naku, idan da ruwan rijiya ake dama wa jariri abinci, ya dace a kai a auna.

Akwai kuma tsohuwar jita-jita a barikokin soja da makarantun kwana na Turai da Amurka cewa ana zuba musu shi a abinci don kashe sha'awa. Babu hujjar kimiyya da ta tabbatar da yana yin haka. Irin wannan magana ce ake yi a wajenmu kan jar kanwa, har 'yan mata na jiƙawa suna sha, kuma abin da suke samu tabbas shi ne lodin sodiyam da wahalar ciki.

Wannan ya dawo da mu kan tukunyarki. Kanwa ba ta fashewa, amma ba a sakin hannu da ita. Sodiyam ɗinta shi ma yana iya tayar da hawan jini, kuma cikin masu sayen abincinki akwai masu shan maganinsa. Likitocin da suka yi bincike a Zariya a shekarun 1970 sun alaƙanta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego. Yawanta kuma na lalata bitamin B1 da ke cikin wake. Ki jiƙa waken tun dare, zai rage miki buƙatarta da itacen ma. Ki jiƙa kanwar daban ki bar yashin ya kwanta, ki tsiyayi ruwan sama-sama ki yi amfani da shi, kuma ranar da kika sa kanwa ki rage gishiri da dunƙulen magi. Shi kuma yaron, ki ba shi 'yar kanwa da rabin lemun tsami ya gwada a gabanki, sannan ya je ya tambayi malaminsa sunan iskar da ke fitowa cikin kumfar.